Kalmar "Leasing" a Tsohon Ingilishi: Sharhi a kan Ma'anarta da Asalinta

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nisa a nazarin adabin Ingilishi, har ya kai ga rubuce-rubucen ƙarni na 16 da na 17, ba makawa zai yi kiciɓis da wasu kalmomi waɗanda ya san siffarsu a rubuce, amma ma'anarsu ba ita ce wadda ya sani ba. Irin waɗannan kalmomi sun fi baƙin kalmomi haɗari, domin baƙuwar kalma takan tilasta wa mai karatu ya buɗe ƙamus, amma wadda yake zaton ya sani wucewa kawai yake yi, ya tafi da gurguwar fahimta ba tare da ya farga ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce "leasing". A Ingilishin yau kalmar tana nufin ba da hayar fili ko gida ko mota bisa rubutacciyar yarjejeniya. A Ingilishin da kuwa akwai wata kalma mai irin wannan rubutu wadda take nufin ƙarya, ko yin ƙarya.

Manufar wannan maƙala ita ce, da farko, a bi diddigin asalin wannan tsohuwar kalma, sannan a warware bayanai biyu na kuskure da hasashe kan kai mutum gare su. Bayan haka za a yi sharhi a kan yadda mawallafa da masu fassara da masu shari'a suka yi amfani da ita. Muna ganin akwai darasi a ciki ga mai nazarin kowane harshe, har da namu.

2.0 Asalin Kalmar

A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin wajejen shekarar 1100, kalmar ita ce "lēasung". Layin da ke bisa wasali alama ce ta dogon wasali. An samo ta daga aikatau "lēasian", yin ƙarya, ta hanyar liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-ung" mai mayar da aikatau suna. Wannan ɗafa-ƙeya ce daga baya ta koma "-ing". Shi kuma aikatau ɗin ya tsiro ne daga sifar nan "lēas", wadda take da ma'ana biyu:

(a) wanda ya rasa wani abu, ko ya rabu da shi;
(b) na ƙarya, marar gaskiya.

Ma'ana ta farko ba ta mutu ba. Ita ce ta zama ɗafa-ƙeyar "-less" da ake gani a "homeless", marar gida, da "fearless", marar tsoro. Wato duk Baturen da ya furta waɗannan kalmomi a yau, tsohuwar "lēas" yake furtawa.

Idan aka duba sauran harsunan dangin Jamusanci za a iske 'yan uwanta:

Gotik: "laus", fanko, wofi
Tsohon Nos: "lauss", sakakke, kwantacce
Jamusanci: "los", sakakke, kuɓutacce

Gotik shi ne harshen da Wulfila ya fassara Baibul a cikinsa a ƙarni na 4, Tsohon Nos kuwa shi ne kakan harsunan Norwe da Aisland. Abin da ya tabbatar da dangantakar ba kamannin kalmomin ba ne kawai. Akwai ƙa'idar sauyin sauti da ta game kalmomi da yawa, wato tagwan wasalin "au" na tushe ya koma "ēa" a Tsohon Ingilishi, alhali Nos ya riƙe shi yadda yake:

"rauðr" da "rēad", ja
"dauðr" da "dēad", matacce
"hlaupa" da "hlēapan", yin tsalle ko gudu
"lauss" da "lēas"

Har wa yau, lokacin da mutanen Nos suka zauna a arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9 da na 10, Ingilishi ya ari "lauss" daga bakinsu, ita ce ta zama "loose", sakakke. Ke nan tushe ɗaya ya bar 'ya'ya uku a harshen: "loose" ta aro, da "-less" da "leasing" na gado.

Tambayar da ta rage ita ce, yaya aka yi "sakakke" ko "fanko" ya koma "ƙarya"? Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma mukan ce zancen wofi, ko maganar banza, ko holoƙon alkawari, ko labari marar tushe balle makama. A duk waɗannan an ɗauki gaskiya a matsayin abu mai ciki, mai nauyi, wanda yake ɗaure da wani abu, ƙarya kuwa kwanso ce da babu ƙwaya a cikinta. Amma a lura, wannan dacewar tunani ce ta 'yan Adam, ba hujja ba ce ta wata dangantaka tsakanin Hausa da harsunan Turai.

3.0 Bayanai Biyu na Kuskure

3.1 Zaton cewa daga "lease" ta haya ta fito

Wannan shi ne kuskuren da ya fi saurin kama mai karatu na yau. Kalmar haya baƙuwa ce a Ingilishi. Ta shigo ne daga Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka mayar da harshensu harshen fada da na shari'a. Tushenta shi ne "laissier" na tsohon Faransanci, wato bari ko saki, daga "laxare" na Latin, sassautawa. Ita kuwa "lēasung" tana nan a rubuce ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Normawa, kuma 'ya ba ta girmi uwarta.

Furuci ma ya raba su. Ta ƙarya da sautin /z/ ake faɗinta, domin a Tsohon Ingilishi baƙin "s" yakan sami ziza idan ya faɗo tsakanin wasula biyu. Ta haya kuwa da /s/ ake faɗinta. Rubutu ne kaɗai ya haɗa su. Abin lura a nan shi ne, dukansu biyu sun koma ga ma'anar "saki", amma daga saiwoyi biyu mabambanta. Wannan ya nuna cewa ko da rubutu ya dace, ma'ana kuma ta yi kusa, ba su isa hujja ba sai tarihi da ƙa'idar sauti sun amince.

Mai karatun Hausa ya san irin wannan matsala. Idan injin buga rubutu ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa, "ƙarya" kishiyar gaskiya, da "karya" macen kare, da "karya" ta karya itace, duk siffa ɗaya za su fito. Wanda ya zauna ya ƙago labarin da zai haɗa ukun nan a tushe ɗaya, ya yi hikima, amma bai yi ilmi ba.

3.2 Zaton cewa gurɓatacciyar "lying" ce

Wannan kuskure ya fi na farko dabara, domin ma'anar ɗaya ce, baƙin farko ma ɗaya ne. Amma "lie" ta yin ƙarya daga "lēogan" ta fito, 'yar uwar "liugan" ta Gotik da "lügen" ta Jamusanci, har ma da "lozh" ta Rashanci. Saiwar wannan tana ƙarewa da baƙin hanɗa, saiwar waccan kuwa da "s", kuma babu wata ƙa'ida a tarihin Ingilishi da ta mayar da ɗaya ɗaya. Tsohon Nos ma ya riƙe su a rarrabe, yana da "lausung" yana kuma da "lygi", har tsohuwar waƙar hikimar nan mai suna Hávamál ta jera su kafaɗa da kafaɗa a ɗango ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

4.0 Kalmar a Hannun Mawallafa

A Ingilishin Tsakiya, wajejen 1100 zuwa 1500, kalmar tana raye sosai, ana rubuta ta "lesing" ko "lesynge". Tana cikin fassarar Baibul da almajiran John Wycliffe suka yi a ƙarshen ƙarni na 14, tana kuma cikin waƙoƙin William Langland da Geoffrey Chaucer. A waƙar Chaucer mai suna The House of Fame, mawaƙin ya ga gidan da jita-jita take taruwa. Wata "lesing" da wata gaskiya suka nufi taga ɗaya domin su fita duniya, suka cushe, kowacce ta ƙi ba 'yar uwarta hanya. Daga ƙarshe suka shirya a kan su fita a cakuɗe, yadda ba mai iya raba su. A nan an mutunta kalmar, kuma tana tsaye ne a matsayin kishiyar gaskiya kai tsaye, ba tare da wani ƙamshin tsufa ba.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 16 al'amarin ya fara sauyawa. Edmund Spenser ya yi amfani da ita a The Faerie Queene, wanda kashinsa na farko ya fito a 1590, amma an san Spenser da tono tsofaffin kalmomi da gangan, saboda haka samun kalma a waƙarsa ba shaida ba ce cewa ana jin ta a kasuwa. William Shakespeare, wanda ya yi amfani da "lie" ba adadi, sau biyu ya kawo "leasing", kuma ko'ina da manufa.

A wasan Twelfth Night, wawan gida Feste ya yi wa uwargijiyarsa Olivia addu'ar barkwanci, wai Makyuri, gunkin Rumawa da aka sani da wayo da yaudara, ya hore mata "leasing", tun da ta yabi wawaye. A nan kalmar baiwa take nufi, wato iya shirya ƙarya ta zauna daram, domin ba mai yabon wawa sai gwanin wannan fanni. A wasan Coriolanus kuwa, dattijo Menenius yana gaya wa masu gadi cewa ya sha yabon jarumin har ya kusa buga wa "leasing" hatimi, kamar yadda ake buga tambarin sarki a kan kuɗi don su karɓu. Wannan ƙarya ce irin ta zuga, wadda maroƙi kan faɗa cikinta idan yabo ya ɗebe shi.

Sharhinmu a nan shi ne, bayanin gefen shafi da ke fassara kalmar da "ƙarya" kawai ya yi gaskiya, amma ya taƙaita. Malamin da ke koyar da waɗannan wasanni, ko mai niyyar mayar da su Hausa, ya kamata ya tuna cewa harshenmu ya bambanta shara ƙarya da zuƙi-ta-malle, ya bambanta ƙage da kambamawa. Ta Feste ta fi kusa da iya tsara zance, ta Menenius kuwa ta fi kusa da kambamawa. Wanda ya ba su fassara ɗaya ya zubar da rabin abin da marubucin ya nufa.

5.0 Kalmar a Fassarar Baibul ta 1611

Wurin da aka fi sanin kalmar shi ne fassarar Baibul da Sarki James ya ba da umarnin a yi a 1604, ta fito a 1611. A cikin Zabura ta zo sau biyu: Zabura ta 4 aya ta 2, inda ake zargin mutane da neman ƙarya, da Zabura ta 5 aya ta 6, inda ake maganar hallakar masu faɗin ƙarya. A duk wuraren biyu kalmar Ibrananci ita ce "kazab". Wannan 'yar uwa ce ta "kazib" ta Larabci, saiwar da ɗalibanmu suka sani a laƙabin Musailamatul Kazzabu. Ita wannan dangantaka tabbatacciya ce, domin harsunan biyu dangi ne, kuma sautin "z" na Ibrananci yana dacewa da zalun na Larabci a kalmomi masu yawa.

Abin suka a nan shi ne rashin daidaito. Masu fassarar sun mayar da "kazab" zuwa "lies" a wurare da dama. Mafi bayyana shi ne Zabura ta 58 aya ta 3, inda furucin Ibrananci iri ɗaya ne da na Zabura ta 5 aya ta 6, amma aka fassara ɗaya da sabuwar kalma, ɗaya da tsohuwa. Mai karatu da bai san Ibrananci ba zai yi zaton laifuffuka biyu ake nufi. Ba kuma za a ce babu misalin da za su bi ba, domin fassarar Janiba ta 1560 ta riga ta yi amfani da "lies" a ayoyin nan biyu.

Uzurin da za a iya ba su shi ne na sabo. Zaburar da ake karantawa a majami'un Ingila ta fito ne daga babban Baibul na 1539, wanda Miles Coverdale ya jagoranci aikinsa, kuma "leasing" ce a cikinta a wuraren nan. Kunnuwan jama'a sun riga sun saba da ita. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna tsadar wannan zaɓi. Kalmar ta ci gaba da dusashewa a bakin jama'a, ta haya kuma tana ƙara ƙarfi, har aka kai ga mai karatu na iya zaton ayar tana la'antar masu ba da haya. Noah Webster na Amurka ya sauya ta da "falsehood" a gyaran da ya yi a 1833, haka kuma gyararriyar fassarar Tsohon Alkawari ta 1885 ta cire ta daga ayoyin biyu. Darasin ga mai fassara shi ne, kalmar da aka riƙe don daɗin sauti bayan ta fara mutuwa, bashi ce da jikoki za su biya.

6.0 Kalmar a Dokar Skotland

A Skotland kalmar ta daɗe fiye da ko'ina, domin ta sami mafaka a littafin shari'a. Can akwai laifin da ake kira "leasing-making", wato ƙirƙirar ƙarya. Tun a 1318, zamanin Sarki Robert Bruce, majalisa ta yi doka a kan masu ƙago labaran da za su haddasa saɓani tsakanin sarki da jama'arsa. A zamanin Sarki James na Ɗaya, a dokar da littattafan shari'a suka saba dangantawa da 1424, aka yanke wa mai wannan laifi hukuncin rasa rai da dukiya. A asali, ke nan, laifin annamimanci ne tsakanin sarki da talakawa. Dokokin 1584 da 1585 suka faɗaɗa shi ya haɗa da sukar sarki da majalisarsa da yi wa dokokinsa mummunar fassara.

Shari'o'i biyu sun isa misali. A 1634 aka kama Lord Balmerino saboda an same shi da kwafen wata takardar koke da aka shirya domin Sarki Charles na Ɗaya a kan al'amuran addini. A 1635 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi da rinjayen ƙuri'a ɗaya, takwas da bakwai, aka yanke masa hukuncin kisa, sai dai fushin jama'a ya sa sarki ya yafe masa. A 1681 kuma Archibald Campbell, basaraken Argyll na 9, ya yi wata rantsuwar biyayya da aka wajabta wa masu muƙami, amma ya ƙara da cewa ya yi ta ne gwargwadon yadda ta dace da kanta da kuma addinin Furotesta. Wannan ɗan ƙarin aka kira cin amanar ƙasa da "leasing-making", aka yanke masa hukuncin kisa. Ya tsere daga ganuwar Edinbara a watan Disamba na shekarar, ya yi shigar bara yana biye da 'yar matarsa. Da ya komo da tawaye a 1685 aka kama shi, aka fille masa kai ranar 30 ga Yuni bisa wancan tsohon hukunci, ba tare da sabuwar shari'a ba.

Abin da ya shafi mai nazarin harshe a nan shi ne, a shari'o'in biyu babu ƙaryar da aka nuna an yi. Ɗaya koke ya ajiye, ɗaya kuma ra'ayinsa ya bayyana a fili. Kalmar da asalinta yake nufin maganar da babu gaskiya a cikinta ta koma nufin maganar da mai mulki ba ya son ji. A ganinmu tsufan kalmar ya taimaka wa wannan juyi. Kalmar da ake amfani da ita kullum tana da masu gadi, domin kowa na iya cewa, "Ina ƙaryar da ya yi?" Amma wadda ta ƙaura daga bakin jama'a ta tare a kotu, ma'anarta tana hannun lauyan sarki. Mutanen Skotland da kansu sun gane haka, domin takardar haƙƙoƙin da suka zartar a 1689 ta ambaci shari'ar Argyll a matsayin misalin miƙar da tsofaffin dokoki fiye da iyakarsu. A 1703 aka soke hukuncin kisa a kan laifin, amma sunansa ya ci gaba da zama a doka har sai da majalisar Skotland ta soke shi a dokar 2010, tare da laifin tunzura jama'a a kan hukuma.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa "leasing" ta ƙarya ta fito ne daga "lēas", 'yar uwar "loose" da "-less", kuma ba ta da alaƙa da "lease" ta haya ko "lie" ta ƙarya, duk da kamannin rubutu a ɗaya da kamannin ma'ana a ɗaya. Mun kuma ga cewa ta rayu a bakin jama'a har zamanin Chaucer, ta zama abin ado a zamanin Spenser da Shakespeare, ta zama abin tuntuɓe a fassarar 1611, sannan ta zama makami a kotunan Skotland.

Abin da muke jawo hankalin ɗalibanmu gare shi shi ne hanyar da aka bi aka tabbatar da wannan tarihi: tsofaffin rubuce-rubuce masu sanannen zamani, da kwatanta harsuna 'yan uwa, da ƙa'idar sauti wadda take aiki a kalmomi da yawa, ba a kalma ɗaya ba. Sau da yawa mukan ji ana danganta kalmar Hausa da ta Larabci ko ta Ingilishi don kawai sun yi kama a kunne, a kuma ƙaga mata labari mai daɗi. Wajibi ne mai irin wannan da'awa ya kawo shaidu irin waɗanda aka kawo a sama, daga rubutun ajami, da karorin harshe, da sauran harsunan Cadi. Idan ya kasa, to abin da ya kawo hasashe ne, kuma ya kamata ya kira shi da sunansa.